Ƙungiyarmu ta taimakon marayu tana neman durƙushewa, ta ina za mu fara gyara?

Tambaya: Assalamu alaikum. Shekara shida ke nan da muka kafa ƙungiyar taimakon marayu a unguwarmu, a cikin birnin Zariya. Mu 18 muka fara, yanzu masu zuwa taro ba su fi biyar ba. Ba mu yi rajista ba, don haka gudummawar jama'a asusuna na banki take shigowa, tunda ni ne shugaba. Kwanan nan na fara jin ƙananan maganganu a kaina, alhali Allah ya sani har daga aljihuna nake cikawa. Wani aboki ya ce mu rubuta takarda mu nemi tallafin ƙungiyoyin ƙasashen waje. Ta ina za mu fara?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Allah ya saka maka da alheri, ya sa a mizani. Na daɗe ina aikin duba littattafan kuɗi na ƙungiyoyin sa-kai, manya da ƙanana, kuma irin wasiƙarka na karanta ta fi a ƙirga. Ka yi haƙuri, maganar tallafin waje sai can ƙarshe zan taɓo ta. Duk abin da ka lissafa, tun daga watsewar abokan tafiyarka har tsegumin da ake yi, saiwarsa tana cikin kalma ɗaya da ka jefa a tsakiyar zance kamar ba komai ba: "asusuna".

Yadda abin yake yau, kai ne ƙungiyar. Kuɗin a aljihunka suke, sunayen marayun a cikin kanka suke, lambobin masu bayarwa a wayarka suke. Sauran 'yan'uwa masu taya ka ne idan sun sami sarari. Gyaran gaba ɗaya shi ne a zare waɗannan abubuwa daga jikinka, a ajiye su inda kowa zai gani, inda kuma za su ci gaba da zama ko ba ka nan.

Bari in fara da abin da ba a son tunawa. A ce yau ta Allah ta kasance a kanka, Allah ya ja kwana. Kuɗin marayun da ke asusunka, a idon banki da kotu, dukiyarka ce. Banki zai rufe asusun har sai magada sun kawo takardar kotu, sannan a zuba komai cikin gado. Ko dai iyalinka su ci haƙƙin marayu ba da saninsu ba, ko su shiga rigima da abokanka a kan nawa ne naka, nawa ne na jama'a, babu takardar da za ta raba gardama. Na taɓa zama a irin wannan sulhu a zauren wani mai unguwa, tsakanin matar mamaci da 'yan ƙungiyar mijinta. Kowa na rantsuwa, kowa kuma gaskiyarsa yake faɗa. Mamacin mutumin kirki ne, bai ci ko sisi ba. Littafi ne kawai bai ajiye ba, sai ya bar wa matarsa takaba da zargi a lokaci guda.

Ƙananan maganganun nan kuma kada ka ɗauke su duka a matsayin hassada. Ka tuna Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, yana i'itikafi matarsa Safiyya ta ziyarce shi da dare, ya fito zai raka ta, wasu mutum biyu daga Ansar suka gan su suka ƙara sauri, sai ya tsayar da su ya gaya musu cewa Safiyya ce. Wanda babu mai shakkar tsarkinsa ya tsaya ya toshe ƙofar zato, ina ga ni da kai? "Allah ya sani" gaskiya ne, amma ɗan tiredan da ya turo maka naira 5,000 bai san gaibu ba. Abin da ya gani shi ne ya tura kuɗi asusunka, bayan wata biyu ya gan ka da sabon babur. Bai san adashi ka ɗauka ba.

To, a buɗe asusu da sunan ƙungiya, wannan kuwa yana jawo maganar rajista. A Najeriya, ƙungiya irin taku tana yin rajista ne da Hukumar Rajistar Kamfanoni, wato CAC, a ƙarƙashin Kashi na F na dokar kamfanoni, wato CAMA, ta 2020, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a watan Agustan 2020. Rajistar amintattu ake yi, wato mutanen da za su riƙe amanar dukiyar ƙungiya a gaban doka. Za ku tanadi suna, ku rubuta tsarin mulkin ƙungiya, ku kawo rubutaccen bayanin taron da kuka zaɓi amintattunku, a buga sanarwa a jaridu, a jira kwana 28 ko akwai mai ƙorafi. Amintacce dole ya kai shekara 18, mai cikakken hankali, wanda ba a kama shi da laifin zamba ba a shekarun baya-bayan nan. Idan takardar ta fito, ƙungiya ta zama kamar mutum a gaban doka: tana mallakar fili da sunanta, tana kai ƙara, ana kai ta. Banki zai nemi wannan takarda da lambar haraji, yawancinsu kuma za su nemi takardar SCUML, sashen da ke ƙarƙashin EFCC mai sa ido kan halatta kuɗin haram. Idan kuɗin yin wannan duka ya yi muku nauyi a yanzu, ku fara da rajistar ƙaramar hukuma ko ta ma'aikatar jiha mai kula da ƙungiyoyi, akwai ƙananan bankunan da kan buɗe asusu da ita. Ko ma wace hanya kuka bi, a sa mutum uku masu sa hannu, kuɗi kuma ba sa fita sai biyu sun sa. Alat ɗin banki ya riƙa shiga wayoyi biyu ko uku.

Abin da wanda zai yi muku rajistar ba lallai ya gaya muku ba shi ne, takardar tana zuwa da igiya. Kowace shekara akwai rahoton da ake kai wa CAC, wanda ya bari ya taru tara ce za ta hau kansa, kuma duk mai son ba ku kuɗi zai iya dubawa a intanet ya ga ko ƙungiyarku tana raye a littafin hukuma. Dokar ta hana a raba dukiyar ƙungiya tsakanin mambobi da sunan riba. Idan ƙungiya ta rushe, abin da ya rage sai a miƙa wa wata mai irin manufarta, ba ya komawa gidan kowa. Akwai kuma sashe na 839, wanda ya tayar da ƙura a 2020, musamman daga shugabannin addini, saboda ya buɗe hanyar dakatar da amintattu a naɗa na riƙon ƙwarya idan aka sami almundahana. Ban kawo wannan don in tsorata ka ba. Wanda littafinsa yake a gyare ba ruwansa da wannan sashe. Gudummawar da jama'a ke ba ku ba a cire mata harajin riba, amma ranar da kuka ɗauki ma'aikaci mai albashi, cire harajinsa a kai wa hukumar jiha ya hau kanku.

Wurin zaɓen amintattu ne na fi ganin ana yin kuskure, don haka zan ɗan daɗe a nan. Al'adarmu ita ce a jero manyan sunaye: wani basarake, wani tsohon kwamishina, wani attajiri da ke Abuja, don takardar ƙungiya ta yi kwarjini. Waɗannan ku sa su iyayen ƙungiya, ku kai musu gaisuwar sallah, ku gayyace su ranar ƙaddamar da gidauniya, wannan duk daidai ne. Amintacce kuwa aiki ne da shi. Shi ne wanda zai zauna sau uku ko huɗu a shekara ya buɗe littafi ya ce, "Shugaba, wannan naira 80,000 ta watan Rajab ina rasit ɗinta?" kuma ya faɗa ba tare da ya sunkuyar da kai ba. Idan ka cika kwamitin da ƙaninka da surukinka da ɗalibinka, ka sami masu cewa "haka ne, ranka ya daɗe", kuma kana nan inda kake. Ka nemi mutum biyar ko bakwai. A ciki a sami wanda ya san lissafi, ko da tsohon ma'ajin makaranta ne da ya yi ritaya, da malami wanda unguwa ke jin maganarsa, da mace aƙalla ɗaya ko biyu. Wannan na ƙarshe ba don kwalliya ba ne. Marayun nan a hannun iyayensu mata suke, a cikin gidajen da kai ba ka wuce zaurensu. Mace ce za ta shiga har ɗaki ta ga tukunya, ta ga wanda aka cire daga makaranta aka ɗora wa talla, ta ji abin da bazawara ba za ta taɓa faɗa wa namiji ba. Kuma a rubuta a tsarin mulki yadda ake sauke amintacce idan ya daina zuwa, domin canza sunansa a CAC sai an bi matakai, ba a yi da baki.

Sai littafi. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaida ta sauka, har ta ce kada a ƙosa da rubuta shi, ƙarami ne ko babba. Amma mu a wurinmu neman rasit ya zama kamar zagi. Ba sai kun sayi kwamfuta ba. Babban littafi mai layi ya isa: kwanan wata, daga wa, nawa ya shigo, nawa ya fita, don me, wa ya amince. Kowace fita da takardarta, ko da mai hatsi a kasuwa ne ya rubuta a 'yar takarda ya sa hannu da lambar wayarsa. Wanda ya nemi a kashe kuɗi, da wanda ya amince, da wanda ya biya, kada su zama mutum ɗaya. Kuɗin da aka tara a masallaci ranar Juma'a mutum biyu su ƙirga a nan take, su rubuta, su sa hannu, a kai banki gaba ɗaya kafin a taɓa ko naira ɗaya. Ɗabi'ar "bari mu cire kuɗin mota daga ciki tukuna" ita ce tsagar bangon da ƙadangare ke shiga.

Ƙarshen kowane wata ma'aji ya kwatanta littafinsa da bayanin asusu daga banki, sannan a fitar da shafi ɗaya: abin da ya shigo, abin da ya fita, abin da ya rage. A tura a zauren WhatsApp na ƙungiya, a manna ɗaya a bangon masallaci. A aikina ban ga abin da ke kashe tsegumi kamar wannan shafi ɗaya ba, kuma ban ga abin da ke jawo sabon mai bayarwa kamarsa ba.

Akwai wata ɓaraka da ba ta fitowa a littafi. Mai sayar muku da shinkafa ko yadin kayan sallah zai ce, "Shugaba, ga wannan naka ne, a sa wa yara albarka." Ka san ƙissar Ibnul Lutbiyya, wanda aka aika karɓar zakka ya dawo yana cewa wannan naku ne, wannan kuma kyauta aka ba ni, Manzon Allah ya hau mumbari ya ce me ya hana shi zama a gidan ubansa da uwarsa ya ga ko za a kawo masa kyautar. Ragin da ɗan kasuwa ya yi na marayu ne, a rubuta shi. Idan kuma shagon ɗan'uwan wani ɗan kwamiti ne ya fi araha, ba laifi a saya a wurinsa, amma shi ɗan kwamitin ya faɗa da bakinsa, ya fita daga ɗakin lokacin yanke shawara, a kuma ajiye farashin wasu shaguna biyu a fayil.

Yanzu in tambaye ka, me ƙungiyarku take yi? Idan amsar ita ce "taimakon marayu da gajiyayyu da marasa lafiya da gyaran maƙabarta da wayar da kan matasa", to taura ta yi yawa a baki. Ƙungiyoyin unguwa da yawa ba sa motsi sai azumi ya kama: a yi ciyarwa, a ɗinka kayan sallah, a ɗauki hoto, sai kuma baɗi. Kayan sallah abu ne mai kyau, yaro yana jin daɗin shiga cikin sa'o'insa. Amma yunwa da kuɗin makaranta ba su san Shawwal ya kama ba. Ku zaɓi abu ɗaya da za ku iya riƙewa wata 12, ku faɗe shi a jimla guda, misali, "Duk marayan da ke littafinmu zai gama firamare da ƙaramar sakandare." Daga nan komai ya sami ma'auni. A ƙarshen shekara tambayar ita ce yara nawa muka fara da su, nawa suke aji har yanzu, waɗanda suka fita me ya fitar da su. Buhu nawa aka raba ba ya amsa wannan. Barista Zannah Mustapha a Maiduguri da yara 36 ya buɗe makarantarsa ta marayu a 2007. Shekara goma bayan nan, lokacin da hukumar 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ba shi lambar yabo ta Nansen a 2017, ɗaliban sun haura 500, kuma a aji ɗaya ake zaunar da 'ya'yan waɗanda Boko Haram ta kashe da 'ya'yan mayaƙanta da suka mutu. Abu ɗaya ya kama, ya daɗe a kansa.

Kowane yaro ya sami shafinsa: sunansa, shekarunsa, mai riƙonsa, makarantarsa, wanda ya tabbatar da maraicinsa, mai unguwa ne ko liman. Wannan littafin sirri ne, ba na bango ba. Kuma don Allah a rage ɗora fuskokin yara a Facebook suna riƙe da leda. Yaron nan zai girma, hoton yana nan. Idan masu bayarwa suna son gani da ido, a ɗauki kayan, a ɗauki masu aikin, ko a gayyace su su zo, zuwa da kai ya fi saƙo. Rabon kaya kuma a bi gida-gida ko a ba da kati da lokaci daban-daban, kada a yi shela a tara jama'a a ƙofa ɗaya. A watan Disamban 2024, cikin mako guda, turmutsutsu a wuraren rabon tallafi a Ibadan da Abuja da Okija ta jihar Anambra ya kashe mutane fiye da 60, na Ibadan yara ne. Duk masu rabon alheri suka nufa.

Mu dawo kan mutum 13 da suka daina zuwa. Ka bi su ɗaya bayan ɗaya, a gida, ba a taro ba, ka tambaya, ka yi shiru ka saurara. Wasu aure ne da neman abinci suka ɗauke su, ba yadda za ka yi. Amma zan iya rantsuwa mafi yawansu za su gaya maka, cikin ladabi, cewa ba su ga amfanin zuwansu ba. Mutum zai bar sana'arsa ya zo taron da aka ce ƙarfe huɗu, a fara biyar da rabi, shugaba ya yi jawabi har magariba, a ƙarshe a gane an riga an yanke komai. Sau nawa zai dawo? Ɗan sa-kai ba albashi yake karɓa ba, abin da ke riƙe shi shi ne ya san akwai wani abu da idan bai zo ba ba za a yi ba. Ka ba wannan yara goma ya zama shi ke bibiyar makarantarsu, ka ba wancan masu gudummawar wata ya riƙa tuna musu yana yi musu godiya. Ka bar su su yi kuskure, kada ka karɓe aikin ranar farko da aka yi ba yadda kake so ba. Taro ya zama awa ɗaya, da abin da za a tattauna a rubuce, sakatare ya rubuta wa zai yi me, zuwa yaushe, taro na gaba a fara da karanta wannan.

Ga magana mai ɗaci kuma: a sa wa'adi a kujerar shugaba, har da kai. Shekara uku, a sabunta sau ɗaya, ya isa. Na san kai ka haife ta, kana jin babu mai riƙe ta kamarka, wataƙila ma gaskiya ne a yau. Amma dubi FOMWAN, tarayyar ƙungiyoyin mata Musulmi da aka kafa a Minna a 1985. Hajiya Aisha Lemu ce Amira ta farko, ta yi wa'adinta ta sauka tun tana da ƙarfinta, wasu suka hau suka sauka. Ta rasu a 2019, ƙungiyar tana nan da makarantunta da asibitocinta a jihohi. Sauka daga shugabanci ba barin aiki ba ne, kana iya komawa cikin amintattu.

Batun alawus yana raba kan 'yan ƙungiya, don wasu na ganin aikin Allah bai kamata a ci ko kwabo a cikinsa ba. Ni ban yarda da wannan ba. Wanda ya zuba mai a babur ɗinsa ya zagaya makarantu biyar a mayar masa da kuɗin mansa, a rubuce. In ba haka ba, masu hali ne kawai za su iya aikin, ko kuma mutum ya fara biyan kansa a ɓoye, wanda shi ne mafi muni. Sayyidina Umar da ya yi waƙafin gonarsa ta Khaibar ya yarda mai kula da ita ya ci daga amfaninta gwargwadon abin da aka saba. Kai ma ka daina cikawa daga aljihunka a ɓoye. Idan sadaka ce, a rubuta ta a matsayin gudummawa, idan rance ne a rubuta rance. Cikawar da kake yi tana ɓoye wa kowa ainihin tsadar aikin, ranar da ka gaza kuma sai a ce ka canza. Sai dai ku lura, dokar rajista ta taƙaita biyan albashi ga 'yan kwamitin da ke mulkin ƙungiya, don haka wanda zai zama ma'aikaci mai albashi ya bar kujerar amintacce.

Kuɗin zakka kuma a ware musu shafi dabam, in da hali ma asusu dabam. Aya ta 60 a Suratut Tauba ta ƙayyade kashi takwas, kuma maraici shi kaɗai ba ya cikinsu. Maraya yana shiga ne idan fakiri ne ko miskini, wanda ubansa ya bar masa dukiya ba ya ci. Ba a biyan hayar ofis ko buga kalanda da zakka. Kason masu aikin tattara ta kuma akwai maganar malamai a kan wane ne ya cancanci sunan, ku zauna da malaminku kafin ku taɓa. Haka duk kuɗin da aka bayar da sharaɗi: wanda ya ce na kuɗin makaranta ne, ba a sayen shinkafa da shi sai an koma an nemi izininsa.

To, ga maganar abokinka. Ƙungiyoyin waje ba sa ba da kuɗi don takarda ta yi daɗin karatu. Kafin su saki ko dala ɗaya za su nemi takardar rajista, da rahoton mai binciken kuɗi na shekara biyu ko uku, da bayanan tarukan amintattu, da rubutacciyar ƙa'idar kare yara, wato duk abubuwan da na lissafa a sama. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ka kuma kiyayi masu cewa ka biya kuɗin fom za su haɗa ka da masu ba da tallafi, mafi yawansu 'yan damfara ne. Ko an samu ma, wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Kuɗin yana zuwa da manufar mai shi da wa'adinsa. Na ga ƙungiyar da aka kafa don karatun yara ta koma shirya tarukan bita a otal, saboda a nan kuɗin yake, bayan wata 18 aikin ya ƙare, ta waiwayo ta tarar mutanen unguwa sun daina bayarwa tunda "ai Turawa sun riƙe su". Kuma ka ga abin da ya faru a 2025. Ranar 20 ga Janairu Shugaba Trump ya sa hannu a dakatar da tallafin Amurka na ƙasashen waje na kwana 90, zuwa watan Yuli an rufe USAID, hukumar da ke raba wannan tallafi, gaba ɗaya. A Borno da Yobe da Adamawa an rufe wuraren kula da yara masu tamowa, an sallami ma'aikata, ƙungiyoyi masu motoci da ofisoshi suka tsaya cak saboda igiya ɗaya suka rataya a kanta. Ban ce kada ku taɓa nema ba. Ku nema bayan shekara biyu ko uku, ya zama ƙari a kan abin da kuke da shi, da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Ruwan cikin kuwa yana unguwarku. Yi lissafi: mutum 200, kowa naira 2,000 a wata, naira 400,000 ke nan, miliyan 4.8 a shekara, kuma idan goma suka daina ba ku durƙushe ba. Attajiri ɗaya mai ba da miliyan biyar ranar da ya yi fushi ko kasuwa ta juya masa baya kun tashi. 'Yan unguwar da ke aiki a Kaduna da Abuja da Legas, da waɗanda ke Saudiyya, su ne suka fi saurin amsawa idan suna ganin shafin nan na wata-wata. Dubi yadda Izala, wadda aka kafa a Jos a 1978, ta mayar da fatun layya hanyar samun kuɗi: abin da mai shi ba ya jin zafin bayarwa, 'yan agaji su bi gida-gida su tattara, a sayar, a sanar da abin da aka samu. Dabarar ita ce abin kwaikwayo, ƙaramin abu daga hannu da yawa, a lokacin da kowa ya sani. Idan kun yi rajista kuma, ku fara yi wa masu hali maganar waƙafi: shago ɗaya a bakin kasuwa, ko gida mai ɗakunan haya, ko gona, wanda ba a sayarwa, ba a kyautarwa, ba a gada, amfaninsa ne ke tafiya ga marayu. Jihohi irin su Zamfara da Sakkwato da Kano har hukumomi suka kafa na zakka da waƙafi. Amma a rubuta shi da sunan ƙungiya, da shaidu, magadan mai bayarwa su sani tun yana raye, in ba haka ba ranar rabon gado za ku gan su a ƙofa.

Daga duk abin da ya shigo, ku riƙa ture wani kaso gefe har ya kai abin da kuke kashewa a wata uku. Wani zai ce ana tara kuɗi marayu na jin yunwa. Ka tuna masa 2023, da aka cire tallafin mai a ƙarshen Mayu, aka bar kasuwa ta yanke darajar naira a watan Yuni, farashin hatsi ya yi tashin gwauron zabo, masu bayarwa kansu suka shiga matsi. Ƙungiyar da ba ta da ajiya a irin wannan lokaci sai ta cire yara daga makaranta a tsakiyar zango. Ɗan siyasa kuma idan ya kawo, a karɓa ta asusu, a ba shi rasit kamar kowa, amma kada hotonsa ya hau buhunku, kada a kai marayu filin kamfen. Rabin masu ba ku kuɗi 'yan ɗaya jam'iyyar ne.

Abin da zan so ka yi kafin Juma'a mai zuwa ba ya cin ko kwabo sai kuɗin buga takarda. Ka je banki ka karɓo bayanin asusunka na wata 12, ka zauna da jan biro ka yi wa duk shigar da ta ƙungiya ce alama, haka duk fita. Inda ka manta, ka rubuta "ban tuna ba", kada ka ƙirƙiro. Ka kira duka 18 ɗin, har da waɗanda suka yi fushi, liman ko mai unguwa ya zauna a matsayin shaida, ka ajiye takardun a tsakiyar tabarma. Abin da ya rage na ƙungiya ka faɗi adadinsa a gaban kowa, a rubuta, a zaɓi ma'aji da masu sa hannu a wannan zama. Shi kuwa wanda ya fi kowa magana a kanka, ka ba da sunansa a matsayin mai binciken kuɗi na ƙungiya, ka miƙa masa jan biron.